Littafin da Ya Rufe Bakin Baba

Abin da na fara gani da na shiga gidanmu a Gonin Gora shi ne ƙullin. Littafin yana kan benci a ƙofar ɗakin Mama, an ɗaure shi da wani siririn ƙyalle, irin bakin yadin nan da ake yankewa a zubar. Ƙullin da aka yi masa ɗan ƙarami ne, a kwance, sai ka shafa da yatsa za ka san yana nan. Mutum ɗaya na sani da ke yin irinsa. Ƙullin masaƙa ne, wanda ake haɗa zare da shi idan ya tsinke a kan inji, don kada ya bar tudu a jikin yadi. Baba ya yi rabin rayuwarsa yana yin wannan ƙulli.

Tun ranar Laraba na buga wa Mama waya daga Kamazou na ce ta nemo mini littafin. 'Yata ta shiga shekara goma, ta fara karanta duk abin da ta samu, har takardar da aka ƙunso mata ƙosai. Ina so in ba ta abin da na fi ƙauna lokacin da nake kamarta.

"Ga kayanki nan," in ji Mama daga kicin, ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba. "Kada ki gode mini, ba ni na ajiye ba. A akwatin ubanki yake, ƙarƙashin katin aikinsa."

Baba yana bayan gida a gindin mangwaro, yana gyara ragar kaji, ya ba ni baya. Na gaishe shi daga nesa, bai juyo ba. Na zagaya ta gabansa na durƙusa. Ya ɗaga kai, ya yi murmushi, ya ce, "Uwata," a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana tun ina cikin zani. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ya koma kan ragarsa. Ban ji wani abu ba, don dama haka na san shi. Baba mutum ne marar magana. Haka nake faɗa wa mutane, haka na faɗa wa mijina kafin ya zo gaishe shi, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina tun yaushe ya zama haka ba.

Mama ta ce tuwo zai ɗauki lokaci. Na zauna a kan bencin, na kwance ƙyallen, na buɗe shafin farko.

A unguwar Nasarawa muke lokacin da littafin ya shigo hannuna, a wani gidan haya mai ɗakuna jere da famfo ɗaya wanda ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Kusan kowane ɗaki akwai mai aiki a masaƙa. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Idan masu aikin safe suka tashi, titi ya cika da kekuna, maza suna tafe da auduga a gashin kai da gira kamar sun tsufa a yini ɗaya. Mama tana sayar da shinkafa da wake a bakin get, Baba kuma yana ciki, a ɓangaren saƙa.

Ni yarinya ce mai kunya ƙwarai. Idan malami ya kira ni, sai muryata ta maƙale a wuya. Kujerar gefen taga nake zama, ina kallo. Na san wadda ta sa safa kala biyu, na san malamin lissafi yana goge alli a bayan wandonsa, na san wadda ke ɓoye goruba a cikin hijabi da wadda ke ɓoye ta a aljihun siket. Malamar Hausa ce ta ba ni littafin a aji biyar, kyautar rubutu mai tsabta.

Labarin iyalin wani ma'aikacin masaƙa ne: uba, uwa, 'ya'ya uku, ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Kafin shi, duk abin da muke karantawa labarin sarakuna ne, ko 'ya'yan masu kuɗi, ko dabbobi masu magana. A nan kuwa sai ga langa irin tamu, ga keke mai karyayyen birki, ga uwa tana raba nama ɗaya gida uku. Ga kuma yarinya shiru-shiru mai zama a gefen taga. Ban san ana sa mutane irinmu a littafi ba. Na karanta shi har bangonsa ya fita, na ɗinke da zare, ya sake fita.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne shirun gidansu. Uban ya dawo daga aiki, ya wanke ƙafa, ya zauna, ya yi magana cikin sanyin murya. Akwai wani wuri da 'yarsa ta yi ajiyar zuciya a bayan labule, shi kuma ya ji, ya san tana da damuwa, ya kira ta. Wannan shafin na fi maimaitawa.

Gidanmu ba haka yake ba. Idan Baba ya nemi ruwan sha, na ɗakin ƙarshe sun san yana jin ƙishi. A coci muryarsa tana danne ta kowa, wani lokaci tana gaba da waƙar, wani lokaci tana baya. Ranar da ya zo makarantarmu ya tambayi malama yadda nake ƙoƙari, har 'yan aji shida sun ji amsar da yake nema. Sati guda yara suna kwaikwayonsa idan na wuce: "MALAMA, YAYA UWATA?" Mama ma da ƙarfi take amsa masa. Na tashi ina zaton kullum faɗa suke yi.

Ranar Lahadi da yamma yakan ce, "Uwata, zo ki karanta mini abin nan da ya hana ki shara." Sai ya kama kafaɗata ya juyo ni ina fuskantarsa, ya kafa wa bakina ido. Na tsani wannan kallon. Sai in ɗaga littafin in rufe fuskata. Ya sa yatsa ɗaya ya sauke shi. In sake ɗagawa. Daga baya ya daina saukewa, ya riƙa gyaɗa kai kawai, sau da yawa a inda bai kamata ba. Ni kuwa ina cewa a raina, ka ga, ko saurara ba ya yi.

Da wannan tunanin na zauna a kan benci, ina jiran in ji daɗin da na saba ji. Kafin shafi na goma na fara jin haushi. 

Uban da ke cikin littafin yana dawowa daga masaƙa da farar riga, ba ɗigon auduga a kansa. Ba mai tari a gidan. Ba mai tari a duk unguwar. Mu kuwa da tarin maza muke sanin gari ya waye. Uwar ba ta taɓa gajiya ba; idan abinci bai isa ba sai ta yi murmushi ta ce ta ci a kicin. Tawa uwar cewa take yi, "Yau ba nama, wanda bai yarda ba ya tafi gidan gwamna," kuma mu ci mu ƙoshi muna dariya. Wannan duk da sauƙi, na ce wataƙila marubucin yana so ya rufa wa talaka asiri ne. Amma da na zo inda ya kwatanta ƙarar injuna da ruwan sama a kan kwano, wai har tana kwantar wa uban da hankali, sai na ajiye littafin a cinya.

Na taɓa zuwa ƙofar ɗakin saƙa sau ɗaya. Baba ya manta abincinsa, Mama ta roƙi mai gadi ya bar ni na kai masa. Ban shiga ba, a bakin ƙofa na tsaya, amma ƙarar ta shiga haƙorana. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin silifas ɗina. A ciki na ga maza suna magana da hannu, suna buɗe baki sosai ba sauti, kowa yana kallon leɓen ɗan'uwansa. Wani ya taɓa kafaɗar Baba ya nuna ni. Da na fito, kunnena ya yi ta ƙugi har washegari. Minti biyu na yi a wurin. Shi yana yin awa takwas, kullum, tun kafin a haife ni. Na ga wannan da idona ina shekara goma, ni mai lura da safar mutane, kuma ban haɗa shi da komai ba. Ruwan sama a kan kwano! Wanda ya rubuta haka ko dai bai taɓa wuce get ba, ko kuma ya wuce ya zaɓi ya yi ƙarya.

Na ci gaba da karatu, sai na gane ya wuce get ɗin.

Na manta da maƙwabcin. A cikin labarin akwai wani maƙwabcinsu, shi ma ma'aikacin masaƙa, wanda aka sa don a yi dariya. Kullum da auduga a kansa. Kullum yana tari. Magana yake yi kamar mai kiran fasinja a tasha, yana ƙure rediyo, yana sa tafin hannu a bayan kunne, sai an faɗa masa abu sau uku. Idan ana magana da shi bakin mutum yake kallo, marubucin ya ce kamar mai jiran a tofo masa goro. Yara suna binsa suna kwaikwayonsa, kuma littafin yana tare da yaran. A ƙarshe aka kore shi daga aiki don bai bi umarnin da foman ya ba shi ba, aka rubuta abin kamar sakamakon rashin natsuwarsa ne. Uban mai sanyin murya kuwa aka ƙara masa girma.

Ashe marubucin ya ga ma'aikatan masaƙa. Ya tsaya kusa da su har ya lura da tafin hannu a bayan kunne, ya lura da kallon baki. Duk abin da yake gaskiya game da masaƙi ya kwashe ya zuba a kan mutum ɗaya, ya mai da shi abin dariya. Sa'an nan ya ƙirƙiro wani uba da ba a taɓa yin irinsa a ɗakin saƙa ba, mai jin ajiyar zuciya ta bayan labule, ya ce mana wannan shi ne mutumin kirki, shi za ku so. Ya miƙa wa 'ya'yan masaƙa. Malamarmu, wadda na tabbata da kyakkyawar niyya ta yi, ta naɗe shi a takarda mai ƙyalli ta ba ni a gaban asambili, aka tafa.

Kuma ni na karanta wa Baba waɗannan wuraren. Na tuna sarai. Su kaɗai ne wuraren da nake ɗaga murya, don in kwaikwayi maƙwabcin. Wato su kaɗai ne wuraren da ya ji da kyau.

Duk wannan lokacin ina ganin rubutun fensir a gefen shafuka ina kau da ido, ina cewa shirmen yara ne, zan duba daga baya. Yanzu na koma farko na bi su ɗaya bayan ɗaya. Rubutuna ne, mai tsabtar nan da aka ba ni kyauta dominsa, kowane harafi a zaune.

Inda maƙwabcin ya fara fitowa na rubuta: "Kamar Babanmu." Inda yara suka bi shi: "Yau ma ya kunyata ni a makaranta." A shafin labule na ja layi biyu na rubuta: "Allah ka sa Babanmu ya zama kamar wannan baban." Akwai wasu, bakwai ko takwas, ba sai na jera su ba.

A kusa da kowane ɗaya akwai shaidar yatsa. Babban yatsa, na baƙin man inji, ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Ba a ko'ina cikin littafin ba, sai a shafukan da na yi rubutu, daidai inda mutum zai danne takarda idan ya daɗe yana kallon wuri ɗaya. Na ɗora yatsana a kai. Ko yanzu da na girma, nawa bai cika shi ba.

Na shiga kicin da littafin a buɗe. Mama tana tuƙa tuwo, gumi yana bin wuyanta.

"Mama, Baba ya karanta wannan?"

"To da me zai yi da shi, ya dafa?"

"Ina nufin abin da na rubuta."

Ba ta daina tuƙi ba. "Mutumin da yake karanta Littafi Mai Tsarki tun ba a san za a yi ki ba, rubutun 'yar aji biyar ne zai gagare shi? Miƙo mini garin nan."

Na miƙa mata. Ta barbaɗa, ta tuƙa, ta rufe tukunya, sa'an nan ta zauna a kan kujera 'yar tsugune ta dube ni.

"Kin tuna lokacin da littafin ya ɓace, kika hargitsa mana ɗaki kina kuka, har kika ce 'yar matar ɗakin kusa ce ta sace?"

Na tuna. Kwana uku ya yi, sai na same shi a ƙarƙashin filona.

"A aljihun ubanki yake. Kin bar shi kan tabarma kin tafi ɗiban ruwa, shi kuma yana jiran lokacin aikin rana. Ya ce bari ya ga yadda labarin ya ƙare, tunda ke kin rufe bakinki da shi ba ya samun komai. Ya tafi da shi wurin aiki yana karantawa lokacin hutu. Ranar da ya mayar miki, ya same ni ina wanke tukwane, ya ce, 'Maman yara, da ƙarfi nake magana?' Na ce kamar kowa a masaƙa. Ya ce ba kowa ya tambaye ni ba."

"Bai san yana yi ba?"

"Ta yaya zai sani? Ba ya jin kansa. Kunnen masaƙa ke nan, duk mazan gidan nan da muka zauna haka suke, wa ya ɗauke shi ciwo? Sai ya ce idan muna zaune muryarsa ta hau, in taɓa masa gwiwa. Muka yi sati biyu ina taɓa gwiwa kamar mai kiɗan kalangu. Ya sauke, ya ce kalma uku, ta sake hawa. Wata rana ya ture hannuna ya ce a bar shi, ya san abin da zai yi."

Na san abin da ya yi. Ya daina waƙa a coci, leɓe kawai yake motsawa. Ya daina zuwa makarantarmu, Mama ke zuwa. Ya daina kirana in karanta masa. Idan yana son ruwa, sai ya tashi ya ɗebo. Na ga duk wannan a lokacin, ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya wuce ni. Na buɗe shafin ƙarshe na littafin, farar takardar nan da ba a buga komai a kai ba, don na tuna akwai wani abu a can. Da rubutu mai tsabta: "Allah ya amsa addu'ata." Wannan bayan ya mayar mini da littafin na rubuta shi, amma akwai yatsa a gefensa shi ma. Ba na mai ba, na jar ƙasa irin ta gidan nan.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Muryata ta fito da zafin da ban taɓa yi wa Mama magana da shi ba. "Kina gani kika yi shiru? Da kin mare ni ma!"

"Na so in mare ki. Har na tsinko bulala. Shi ya hana. Ya ce yarinya ce, kuma abin da ta gani a littafi ta faɗa, wanda ya rubuta littafi ai ya fi shi sani." Ta ja tsaki. "Kuma kada ki ɗaga mini murya a kicin ɗina, Hajiya mai ido. Ke da kike ganin tururuwa a bango ki faɗi ƙafarta nawa, ubanki guda ba ki gan shi ba, sai ni za ki tuhuma?"

Ta share gumin wuyanta, ta ci gaba.

"Ke kina ganin ke aka yi wa laifi da ba a faɗa miki ba. Ni fa? Kin san wa na aura? Mutumin nan idan ya zo cin abinci a bakin get, sai an bar cokali ana dariya. Yana kwaikwayon manaja, yana kwaikwayon foman, yana kwaikwayon ni kaina ina zuba miya. Don bakinsa na aure shi, ba don kekensa ba. Ke da ɗan littafinki kuka ɗauke mini shi kuka bar mini gunki. Da aka rufe masaƙa na ce to, yanzu da ba inji, wataƙila ya dawo. Ina! Ya riga ya saba, kunnen kuma ya ƙara tafiya. Ku kuka ce tsufa ne, na ce to, tsufa ne."

Ta buɗe tukunya, tururi ya taso tsakaninmu.

Na dubi wutar da ke ƙarƙashin tukunyar miya. Itace biyu ne da garwashi ja. Littafin ba shi da nauyi, takardarsa ta bushe kamar ganyen masara, cikin minti ɗaya zai ƙone. Ina jin haushin mutumin da ya rubuta shi, wanda ban san fuskarsa ba, wanda wataƙila ya mutu ana yabonsa a kan ya tuna da talakawa. Ina jin haushin malamar da ta ba ni, da duk manyan da suka karanta suka ce yana koyar da tarbiyya, ba wanda ya ce tsaya, wannan maƙwabcin ai kurma ne, aiki ya kurmantar da shi, me ake yi wa dariya? Ina jin haushin Baba ma, da ya yarda takarda ta fi shi sanin kansa. Yarinyar da ta yi rubutun kuwa, na rasa yadda zan yi da ita. Shekararta goma, daidai da 'yata, kuma ina tsaye a nan ne don na zo in ɗauki abin nan in sa shi a hannun wata mai shekara goma, wadda ta riga ta fara tambayata me ya sa kakanta ba ya yi mata magana, ko ba ya sonta ne.

Mama ta bi idona. "Kada ki ɓata mini wuta. Kuma ba naki ba ne da za ki ƙona. Kin yar da shi tun kina sakandare, shi ya tsince shi. Ya taso da shi daga Nasarawa har nan, katifa ma mun bari a can."

Na fita. Na ɗauki ƙyallen daga kan benci na zagaya bayan gida.

Baba ya gama da ragar, yana zaune a kan bulo yana kallon kaji. Bayan katangar, wadda ba ta kai kafaɗa ba, matar Malam maƙwabcinmu tana shanya, yaranta biyu suna wasa da murfin kwalba. Na tsaya a gabansa. Ya ga littafin a kwance, ya miƙo hannu ya karɓa tare da ƙyallen. Ya daidaita shafukan da suka zazzago, ya zagaya ƙyallen sau biyu, yatsunsa suka yi wani ɗan motsi da ido ba ya iya bi, ƙullin ya zauna. Ya miƙo mini.

"Ki kai wa jikata," ya ce, can ƙasa, sai da na sunkuya na ji. "Littafi mai kyau ne."

"Ƙarya ce a ciki, Baba."

Ya kafa wa bakina ido, irin kallon nan. Na gane na sunkuyar da kai, kamar kullum, kuma na riƙe littafin a ƙirji, ya kusa kai haɓata. Na ajiye shi a ƙasa kusa da kwanon kaji. Na durƙusa daidai fuskarsa, inda rana ke haska ni. Ban taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba, ko a aji, ko ranar aurena da fasto ya ce in maimaita don ba a ji ba.

"ƘARYA CE A CIKI!"

Kaji suka watse. Matar Malam ta tsaya da zani a hannu ta leƙo. "Lafiya, maƙwabta?" Daga kicin Mama ta amsa mata, "Lafiya lau, Hajiya, 'yata ce ta koyi magana yau."

Baba ya dubi katanga, ya dubi yaran da suka bar wasa suna kallonmu, ya ɗaga hannu ya yi mini alamar in sassauta, tafin hannu yana sauka ƙasa a hankali. Shi yake jin kunya domina. Na kama hannun na riƙe. Fatar yatsunsa har yanzu tana da kaushin zare.

Na buɗe baki sosai, yadda na ga suna yi a ƙofar ɗakin saƙa, kalma ɗaya bayan ɗaya, da dukan muryar da nake da ita.

"Baba, ba zan kai mata ba. Ita zan kawo maka ranar Asabar. Amma ni ka fara da ni, yanzu. Ka ba ni labarin masaƙa, ka kwaikwayi foman ɗin nan da Mama ta ce. Da muryarka ta da. Don Allah ka ɗaga ta, har na bakin titi su ji."